Zare da Allura: Aikin Bakin Riga da Audugar Kudancin Katsina

A ƙasashen Turai, musamman Ingila da Faransa, an yi wata sana'ar hannu da ta yi tashe a ƙarni na 19, wadda ake ƙulla zare da 'yar ƙaramar ƙoshiya har ya zama leshi siriri mai zobba da ƙananan madaukai, sannan a ɗinka shi a wuyan riga ko bakin hannu ko gefen adiko. Ba a kan ƙyalle ake gina wannan leshi ba, ƙulli ne ke riƙe ƙulli, kuma littattafan koyarwa irin wanda Thérèse de Dillmont ta fitar a 1886 su ne suka adana hanyoyinsa, har masu ɗinka tufafin tarihi na yau suke komawa gare su. Ƙasar Hausa tana da tata hanyar ƙawata bakin tufa, wadda ta dogara da allura maimakon ƙoshiya, kuma babban fagenta shi ne wuya da aljihu da ƙirjin babbar riga. Tarihin wannan aiki ana yawan ba da shi daga birane, wato Kano da Zariya da Bida, alhali kuwa tushensa yana gona, kuma yankin Kafur da Malumfashi da Funtuwa yana cikin wuraren da suka fi cancanta a duba idan ana son fahimtar yadda ya tashi da yadda ya raunana.

Kudancin Katsina ƙasa ce mai laka da wadatar ruwan sama fiye da arewacinta, shi ya sa auduga ta daɗe da zama amfanin gonarta. Tsofaffin garuruwa irin Gozaki, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Kafur a yau, da Maska, wadda sarautarta ta koma Funtuwa, sun kafu tun kafin jihadin 1804, kuma masanin tarihi Yusufu Bala Usman ya yi bayanin matsayinsu a littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883. A irin waɗannan garuruwa, a da, aikin zare na mata ne daga farko har ƙarshe: su ne ke gurza, wato raba auduga da angurya ta hanyar murza ta da siririn ƙarfe a kan dutse, su yi shiɓa da ɗan baka domin ta buɗe ta yi laushi, sannan su kaɗa ta da mazari suna shafa alli a yatsa don kada zaren ya zame. Zare mai kauri shi ne abawa, siriri mai ƙarfi kuwa arafiya, kuma ingancin riga yana farawa ne daga wannan bambanci, domin masaƙi ba ya iya fitar da ƙwarya mai kyau, wato siririn tsirin saƙa da ake harhaɗawa a yi riga, idan zaren da aka kawo masa yana da gaɓa-gaɓa.

Zaren ado kuma iri biyu ne suka fi daraja. Na farko shi ne tsamiya, silikin daji da wata tsutsa ke saƙawa a matsayin gidanta, wanda ake dafawa da ruwan toka har danƙonsa ya fita, a wanke, a kaɗa kamar auduga, ya fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske ko a mayar da shi fari. Na biyu shi ne alharini, siliki ja mai ɗaukar ido wanda a da fatake ke kawowa daga Tarabulus ta Gadamas, kuma da shi ake yin shafi, wato ƙyallen da ake liƙa wa bakin riga ta ciki domin ya bayyana idan mai rigar ya naɗe hannayenta a kafaɗa. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina ya shiga Kano a 1851, ya ga wannan siliki a kasuwa, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus.

Aikin kansa yana da matakai da masu yinsa daban-daban. Bayan maɗinki ya haɗa ƙwarya-ƙwarya ya fitar da jikin riga, sai a kai wa mai zane, wanda sau da yawa malamin allo ne, ya zayyana fasalin ado da alƙalami da tawada, abin da ya sa lanƙwasar aikin riga take kama da zayyanar da ake yi wa allon sauka. Daga nan sai masu allura su karɓa, kuma a da yawancinsu maza ne, cikinsu har da almajirai manya da ke neman abin kansu da rani. Fasalin da ya fi shahara shi ne aska, wato dogayen siffofi masu tsini da ke saukowa daga wuya a gefen aljihu, kuma yawansu ne ke ba riga suna, a ce aska biyu ko aska takwas. Akwai tambari, da'irar da ke zagaye kanta a ƙirjin dama da kuma baya, akwai gidan biyar, akwai dagi, wanda daga baya ya zama alamar Arewa. Inda aikin ya fi kusa da leshin Turawa shi ne cikon da ake yi a tsakanin waɗannan siffofi: mai ɗinki yana huda ƙaramin ido a jikin ƙyalle, ya zagaye bakinsa da ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ya matsa ya huda wani a gefensa, har ɗaruruwan idanu su jeru su zama raga mai kauri wadda iska ke ratsawa. Wannan ciko da cin wuya, wato ɗinkin da ke ƙarfafa bakin wuyan riga, ba ado kaɗai ba ne, domin su ne ke ɗaukar nauyin riga mai faɗi a daidai inda ta fi saurin yagewa. Riga ɗaya mai cikakken aiki tana cin watanni a hannun ƙwararre, kuma saboda haka ne sarakunan daular Sakkwato suka riƙe ta a matsayin kyautar girmamawa ga hakimai da malamai da baƙi, kamar yadda Colleen Kriger ta nuna a bincikenta kan rigunan daular.

Abin da ya raba gona da allura ya faro ne daga Manchester, inda aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Biritaniya, BCGA, a 1902 domin samar wa masaƙun Lancashire auduga daga ƙasashen da aka mallaka. Manoman Kano sun fi karkata ga gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, don haka hankalin Turawa ya koma Zariya da kudancin Katsina da Gusau. Aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, kuma layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Manomi ya koma kai audugarsa fuloti, wato wurin awo da saye da hukuma ta keɓe, a auna a ba shi kuɗi a hannu. Masaƙan gida ba su sallama da wuri ba, domin shekaru da dama suna biyan farashin da ya fi na BCGA, amma zaren kanti mai arha da yadin waje sun ci gaba da cin kasuwarsu, sannan masaƙun zamani suka zo, na Kaduna a 1957, na Funtuwa a 1978. Ba daidai ba ne a ɗauki wannan zamani a matsayin asara zalla, tunda auduga ce ta gina Funtuwa ta kuma kawo wa ƙauyuka kuɗin da ba su saba gani ba. Sai dai kuɗin ya zo ne ta hanyar da ta mayar da mazari abin tsofaffi, kuma yarinyar da ba ta koyi kaɗi a gaban kakarta ba babu makarantar da za ta koya mata.

Allurar dai ba ta mutu ba. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma kammala digirinsa na uku kan aikin tufafin Hausa a 1979, ya tarar da masu zane da masu ɗinki suna aiki a Zariya da Kano, kuma tun daga wajen wannan lokaci matan birnin Zariya suka shiga sana'ar a cikin gidajensu, har a shekarun 1990 wasunsu suka haɗu a ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Sarauniya Amina. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki: shadda ta maye gurbin saƙi, zaren kanti mai sheƙi ya maye gurbin tsamiya, keken aiki da na'ura mai kwamfuta suna fitar da aska takwas cikin sa'o'i. Shi ma leshin da ake saye a kasuwa don biki, wanda ya fara shigowa Najeriya da yawa daga Lustenau ta ƙasar Ostiriya a shekarun 1960, aikin inji ne.

Saboda haka duk mai son a ɗinka masa riga irin ta ƙarni na 19, ko don naɗin sarauta, ko hawan salla, ko fim ɗin tarihi, ko gyaran wata tsohuwa da aka gada, zai sami fasalin ba tare da wahala ba, domin akwai tsofaffin riguna a gidajen sarauta da Gidan Makama na Kano da gidajen tarihin Turai. Wahalar tana wajen zare. Zaren hannu yana shan baba ta yadda zaren inji ba ya sha, yana kwanciya idan an kai riga wurin bugu, kuma idon da aka zagaye da tsamiya yana tsayawa da kaurinsa bayan wanki, yayin da na zaren roba yake tattarewa ya ja ƙyallen. A Kafur da kewayenta masara da waken suya da dawa sun karɓe yawancin gonakin da a da ake shuka auduga, kuma matan da suka iya kaɗa arafiya mai sirantar da rigar saƙi ke bukata galibinsu tsofaffi ne.