Hannun Da Ke Riƙe Da Kyamara

Kwanakin baya ƙanena ya zo gidana da yamma ina tsintar shinkafa, ya ajiye min wayarsa a cinya ya ce, "Yaya, kalli ikon Allah." Ina dubawa sai ga wani Bature manne a jikin dutse kamar ƙadangare, babu igiya, babu komai, itatuwan da ke ƙarƙashinsa sun koma kamar ciyawa. Wallahi sai da tafin ƙafata ya yi gumi. Amma da na nutsu, ba shi na riƙa tunani ba. Cewa na yi, to wai shi wanda ke ɗaukar hoton nan fa? Da wace irin zuciya ya tsaya?

Ni marubuciya ce, na sha kashe mutane da biro, har wata ta taɓa tare ni a gidan biki tana min faɗa don na kashe mata tauraron littafi. Sai dai nawa mutanen na takarda ne. Nasu kuwa masu uwa ne, masu mata da 'ya'ya. Wannan ya sa na bi tarihin sana'ar.

Abin ya daɗe. A shekarar 1924 wani sojan Ingila mai suna John Noel ya biya fam 8,000 don a ba shi damar ɗaukar fim ɗin ayarin da zai hau Everest, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a duniya. Ya kafa kyamararsa mai jawo nesa kusa, yana hango mutane kamar tururuwa a kan ƙanƙara. Ranar 8 ga Yuni biyu daga cikinsu, George Mallory da Andrew Irvine, suka nufi ƙololuwa, gajimare ya rufe su, shi ke nan. Fim ya dawo Landan aka yi ta kallo, su ba su dawo ba. Allah sarki Ruth, matar Mallory, aka bar ta da 'ya'ya uku. Gawar mijinta ma sai 1999 aka gano ta, bayan shekara 75.

Daga nan fa aka gane cewa faɗuwar gaba ma haja ce, tana da kasuwa. A 1967 gidan talabijin na BBC ya nuna wasu mahaya kai-tsaye suna hawa wani siririn dutse mai tsawon mita 137 a bakin teku a Sikotland, mutum wajen miliyan 15 suka zauna a ɗakunansu suna kallo. Ku lura, kai-tsaye na ce. Da ɗaya ya suɓuto, da a gaban idon kowa zai faɗo, har da iyalinsa. Masu tafiya a kan igiya ma ba a bar su a baya ba. A 1974 wani Bafaranshe, Philippe Petit, ya ɗaura waya tsakanin tagwayen benaye na New York, ya yi minti 45 yana kai-komo a sama da mita 400. Babu hoto mai motsi na wannan tafiya, sai 'yan hotuna marasa motsi, amma duk da haka sai da aka haɗa fim ɗinsa a 2008.

Wanda ya fi burge ni a tarihin nan shi ne David Breashears, Ba'amurke. A watan Mayun 1996 yana kan Everest da tawagarsa da wata ƙatuwar kyamara, ga dukiya an narkar, sai guguwa ta taso ta halaka mutum 8. Mai ɗaukar fim kuwa ai kakarsa ce ta yanke saƙa. Amma bawan Allahn nan sai ya ajiye aiki, suka ba da tukwanen iskar shaƙa da suka tanadar wa kansu, suka taimaka wajen sauko da waɗanda sanyi ya cinye wa hannuwa. Sai da ƙura ta lafa sannan suka koma suka ƙarasa fim ɗinsu.

Shi kuwa na wayar ƙanena sunansa Alex Honnold, dutsen kuma El Capitan ne a Amurka, bango miƙaƙƙe mai kusan mita 900. Ranar 3 ga Yunin 2017 ya haye shi babu igiya cikin awa 3 da minti 56. Waɗanda suka shirya fim ɗin, mai suna Free Solo, miji da mata ne, Jimmy Chin da Elizabeth Chai Vasarhelyi. Masu ɗaukar hoton duk mahaya ne, abokansa, suna rataye da igiya a gefe, suna tsoron kada motsinsu ko tsakuwa guda ta ɗauke masa hankali. A gaɓar da ta fi wuya ma janyewa suka yi, suka bar kyamarori su kaɗai. Ɗaya daga cikinsu da ke ƙasa kasa kallo ya yi, ya juya wa kyamararsa baya. Budurwarsa kuma tun kafin ranar ta bar wajen da hawaye. Fim ya ci lambar Oscar a 2019, amma ni wannan juya bayan shi ya tsaya min a rai.

Kada kuma mu ɗora wa kyamara laifin komai. Wani ɗan Kanada, Marc-André Leclerc, ana cikin shirya fim a kansa ya riƙa sulalewa yana hawansa shi kaɗai, don ba ya son ido. Duk da haka ajali ya same shi a wani tsauni a Alaska a 2018, yana ɗan shekara 25, babu mai ɗauka a kusa.

Wani abin al'ajabi, a 2024 Jimmy Chin ɗin nan da tawagarsa suna aikin fim a gindin Everest, sai suka tsinci wani tsohon takalmi da ƙanƙara ta saki, a jikin safar an ɗinke sunan Irvine. Masu kyamara suka raka shi, masu kyamara suka tsinto shi, bayan shekara 100 cif.

To 'yar'uwa, ni da ke ba za mu hau dutse ba, matakalar Dala ma haki take sa ni. Amma yau kyamara tana cikin jakar kowacce a cikinmu, tana hannun 'ya'yanmu. Sau nawa muka ga hatsari a titi, mutum kwance cikin jini, jama'a sun kewaye shi kowa ya ɗaga waya? Sau nawa yaro ya ƙara wa babur wuta don ya ga abokinsa na ɗauka? Tambayar da ta hana waɗancan mutane barci yanzu ta shigo mana har tsakar gida.

Da na miƙa wa ƙanena wayarsa sai na ba shi labarin Breashears, na ce, "In ranar ta zo maka, wanne za ka riƙe, waya ko hannun ɗan'uwanka?" Dariya ya yi ya ce na cika wa'azi. Amma na ga ya jefa ta aljihu, ya jawo tire ya taya ni tsintar shinkafa.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Taku har kullum.