"Ɗauka, An Bar Maka": Waiwaye Kan Yafe Bugun Bakin Rami a Wasan Golf

Faɗin ramin golf inci huɗu da kwata ne, wato milimita 108, kuma haka yake tun 1891 da hukumar wasan ta St Andrews a Sikotland ta tsayar da ma'aunin. Ɗan wasa zai taso da ƙwallonsa daga nisan mita ɗari uku ko fiye, ya ratsa ciyawa da yashi da bishiyoyi, sai ta zo ta tsaya taku ɗaya daga bakin ramin. A nan ne abokin karawarsa kan ce masa, "Ɗauka, an bar maka." Sai ya sunkuya ya ɗauke, a ƙirga masa bugu ɗaya tamkar ya buga ta faɗa. Wannan 'yar magana ta ɗaukaka wasu, ta sa wasu kuka a bainar jama'a, ta kuma raba abokai.

A Yola, daga Adarawo har Jimeta, doki ne wasan manya tun asali, kuma wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan salla ya san haka. Golf baƙo ne. Yawancin masu buga shi a cikinmu a wurin aiki suka tsince shi, a barikin soja, ko a Kaduna da Jos da Abuja. Sun koyi riƙe sanda, sun koyi ƙirga bugu, amma al'adar yafe bugun ƙarshe sun same ta ne a bakin mutane, ba tare da an gaya musu daga ina ta fito ba, balle inda iyakarta take.

Dokokin golf na farko da aka rubuta guda 13 ne, a garin Leith kusa da Edinburgh, a 1744. Wasan wancan zamani karo ne tsakanin ɓangare biyu, rami bayan rami. Wanda ya jefa da ƙarancin bugu ya ci ramin, wanda ya fi yawan ramuka ya ci wasan. A irin wannan karo, idan na yafe maka bugu, daga aljihuna na ba ka. Babu wani na uku da zai ce an cuce shi. Wannan shi ne tushen al'adar, kuma duk rikicin da ya biyo baya daga mance shi ya taso.

Ɗaya salon, na tara jimillar bugu tun daga ramin farko har na ƙarshe, ya ɓullo a St Andrews a 1759, kuma da shi aka buga gasar Open ta farko a Prestwick a 1860. A nan kowa da kowa abokin hamayyarka ne, har wanda ke can wani rami ba ka ganinsa. Idan wanda kuke tafe tare ya yafe maka bugu, da haƙƙin sauran ya yi kyauta. Shi ya sa har yau doka ba ta san yafiya a wasan jimilla ba. Wanda ya ɗauke ƙwallonsa bai jefa ba, ya wuce ya fara rami na gaba bai gyara ba, an fitar da shi daga gasar.

Ko a karon mutum biyun ma, masu dokoki ba su yi maraba da abin ba da farko. A 1909 littafin dokoki ya fito da shawara cewa kada 'yan wasa su riƙa yafe wa juna bugun kusa da rami, kuma shawarar ta zauna a littafin har zuwa 1933. Dalilinsu a fili yake, wasan jefawa ne, wanda bai jefa ba bai gama ba. Amma 'yan wasa suka ci gaba da abinsu, har doka ta gaji ta biyo su. A wancan lokacin kuma akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ta yarda ƙwallon abokin karawarka ta tare maka hanyar rami ba tare da an ɗaga ta ba, sai dai ka kewaye ko ka tsallake. A 1920 hukumar golf ta Amurka ta gwada bai wa wanda aka tare wa hanya damar ya yafe wa abokinsa bugun, domin a kawar da ƙwallon. Sai a 1952 aka soke ƙa'idar tarewar gaba ɗaya.

Tun da wuri masu wayo suka gane cewa kyautar tana da kaifi. Walter Hagen, Ba'amurken da ya ci gasar PGA sau biyar tsakanin 1921 da 1927 lokacin da ake yin ta da karon mutum biyu, shi aka fi danganta wa dabarar nan: ka yi ta yafe wa abokinka gajerun bugu a ramukan farko har hannunsa ya yi sanyi, sai an zo inda wasa ya yi zafi ka yi gum da bakinka. Mutumin da bai jefa irin wannan ko sau ɗaya ba tun safe sai ya ga ramin ya ƙanƙance. Doka ba ta hana ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin kowa ya san karo ya zo yi.

Abin da ya mayar da yafiya alamar dattako ya faru ne a watan Satumba na 1969, a filin Royal Birkdale na Ingila, a gasar kofin Ryder tsakanin Amurka da Birtaniya. Komai ya rataya a kan karo na ƙarshe, Jack Nicklaus da Tony Jacklin. Jacklin kuwa watanni biyu kafin nan ya ci gasar Open, duk ƙasarsa ta zuba masa ido. Suka iso rami na 18 kunnen doki. Nicklaus ya jefa tasa, saura ta Jacklin, nisan ƙafa biyu. In ya jefa an yi canjaras, in ya ɓarar Birtaniya ta sha kaye a hannunsa, a gaban mutanensa. Nicklaus ya sunkuya ya ɗauke alamar da Jacklin ya ajiye a gurbin ƙwallonsa, ya miƙa masa. Aka tashi 16 da 16, canjaras na farko a tarihin kofin. Amurka ta ci gaba da riƙe shi tunda dama yana hannunta, amma kyaftin ɗinta Sam Snead bai ji daɗi ba, shi nasara ya zo nema. Mutanen biyu suka zama aminai, har suka haɗu suka zana wani filin golf a jihar Florida da aka buɗe a 2006, aka raɗa masa suna don tunawa da ranar. A 2021 aka fara ba da lambar yabo da sunayensu a gasar.

A lura da abin da ya ba wannan kyauta nauyi. Wanda ya bayar shi ne wanda zai amfana da an ɓarar. Ba a roƙe shi ba. Kuma ya yi ta a fili, kowa ya gani.

Daga manyan gasa al'adar ta gangaro cikin wasan nishaɗi na ƙarshen mako, a nan kuma ta sauya kama. Abokai huɗu suna ƙirga jimilla, amma suna yafe wa juna, abin da doka ba ta sani ba. Sai aka ƙirƙiro ma'auni: a sa kan sandar a bakin rami, a kwantar da ita, in ƙwallon ba ta kai inda fatar mariƙi ta fara ba, an yafe. Nisan bai wuce ƙafa biyu ba a sandar da aka saba. Da tafiya ta yi tafiya aka daina kwantar da sandar, aka koma aunawa da ido, ido kuwa yana da son kai. Mai ƙwallo ya fara tambaya da kansa ko an bar masa. Wasu ma ba sa tambaya, sai dai ka ga sun janyo ƙwallon da bayan sanda sun yi gaba.

Golf ya shigo Najeriya tare da Turawan mulki da na haƙar ma'adinai. Filin Rayfield na Jos, a ƙasar kuza, ana lissafa shi tun daga 1913, kulob ɗin Ikoyi na Legas kuma ya kafu a 1938. Saboda wahalar ruwa da rainon ciyawa, filaye da yawa a ƙasar nan, musamman a Arewa, yashi aka riƙa shimfiɗawa a kewayen rami, a cakuɗa shi da mai don kada iska ta kwashe. Wanda ya buga a irin wannan fili ya san yadda ake yi. Kafin ka buga, wani zai ja abin shara daga ramin zuwa ƙwallonka, ya goge sawun ƙafa, ya bar maka hanya sumul. Ƙwallo tana tafiya a miƙe a kai. A kan irin wannan yashi ne Peter Tupling ya ci gasar Nigerian Open a Ikoyi a 1981 da bugu 255 a ramuka 72, adadin da ya girgiza duniyar golf a lokacin. A fili irin wannan yafiya tana da hujja ta zahiri. Kowane ɗan gajeren bugu yana buƙatar a sake share hanya, ga wasu a baya suna jira, ga rana. Mutumin Yola da ya san zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin rage minti goma a tsakar fili ba.

Sai dai babu bugun da ya yi gajartar da ba a ɓarar da shi. A wancan filin na Royal Birkdale, a gasar Open ta 1983, Hale Irwin ya zo tura ƙwallon da ke leɓen rami, inci biyu kacal, sandar ta daki ƙasa ta tsallake ta. Aka ƙirga masa. Da bugu ɗaya Tom Watson ya fi shi a ƙarshen gasar. A gasar Open ta 1970 a St Andrews, Doug Sanders ya ɓarar da ta ƙafa uku a ramin ƙarshe, kofin ya suɓuce masa ya koma hannun Nicklaus washegari. Mai wasan nishaɗin da aka saba yafe wa irin waɗannan yana yaudarar kansa ne, ranar gasa kuma zai gane.

Hatsarin zato ya bayyana ƙarara a 2015, a gasar kofin Solheim ta mata tsakanin Amurka da Turai, a St. Leon-Rot ta Jamus. A rami na 17, Alison Lee ta Amurka ta ɗauke ƙwallonta da ta rage kamar inci 18, tana zaton an bar mata, don ta ga abokan karawarta sun fara tafiya. Suzann Pettersen ta Norway ta ce ba wanda ya yafe. Turai ta ci ramin. Lee ta fashe da kuka, haka ma Charley Hull, abokiyar Pettersen ɗin. Doka tana bayan Pettersen, amma jama'a ba su bi ta ba. Amurkawa suka harzuƙa, suka taso daga 10 da 6 suka ci kofin da 14 da rabi, Pettersen kuma ta nemi afuwa washegari. A 2019 a Austin, Sergio Garcia ya yi gaggawar tura wata 'yar guntuwa kafin Matt Kuchar ya buɗe baki, ya ɓarar, ya rasa ramin.

Dokokin da suka fara aiki a 2019 sun fayyace zancen. Yafiya ba ta tabbata sai an bayyana ta sarai, da baki ko da alamar da ba ta da shakka. In an bayar ba a janyewa, ba a kuma ƙin karɓa. Mai ɗaukar jaka ba shi da ikon yafewa a madadin maigidansa. A gasa ta hukuma kuma ba a yarda mutum biyu su ƙulla tun farko cewa duk abin da bai kai nisa kaza ba an yafe. Tsarin auna ƙwarewa na duniya da ya fara a 2020 ya yi wa masu nishaɗi sassauci, ya ce wanda bai ƙarasa rami ba ya rubuta adadin da ya fi yiwuwa ya samu, bisa gaskiya.

Inda abin ya fi damuna shi ne yadda ya haɗu da halinmu. Mu mutane ne masu kara, kuma a Adamawa kunya ado ce. Ƙaramin ma'aikaci yana wasa da shugabansa, ko ɗan kwangila da mai sa hannu, ko yaro da sa'an mahaifinsa, ƙwallon babba ta tsaya taku uku daga rami, sai ka ji, "Ranka ya daɗe, ai wannan ta shiga." Wani lokaci ma yaron da ke ɗauke da jaka ne zai riga kowa sunkuyawa. Da ƙwallon ƙaramin ta tsaya rabin wannan nisa sai wuri ya yi tsit. Gyaran da mai awo ke ƙara maka a kasuwar Jimeta yana da daɗi ne don daga buhunsa ya fito kuma da son ransa. In muƙami ne ya karɓa, ya zama gaisuwa. Babban ma an cuce shi, domin an rubuta masa ƙwarewar da ba shi da ita, kuma zai je Abuja ko Legas ya haɗu da waɗanda ba su san shi ba. Girmama babba yana da wurarensa a fili, a bar shi ya fara bugu, a yi shiru in ya tsaya, a gaishe shi yadda ya kamata. Tsawon taku bai shiga ciki ba.

Saboda haka kira nake ga kyaftin-kyaftin na kulob da dattawan wasa, su da sababbi ke kwaikwayo. Ku koya wa masu tasowa da yaran da ke ɗaukar jaka cewa ba a roƙon yafiya, ba a taɓa ƙwallo sai an ji da kunne, kuma ranar gasar jimilla kowa ya jefa tasa har ta faɗa. Ku da kanku, in ƙaramin da ke jin nauyinku ya shirya bar muku ta taku uku, ku riga shi magana, ku ce masa za ku buga.