Wayar Salula da Renon Yara a Gida

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, uwa takan bar ɗanta wurin kaka ko maƙwabciya idan za ta gona ko kasuwa. Idan ke aka ba wannan amana, ki kula kada salula ta ɗauke miki hankali.

Me ya sa?

A kwarin Dallol Mauri akwai rijiyoyi da yawa, da damina kuma tabkuna suna cika. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa ko da a cikin bokitin ruwa ne, kuma ba za ki ji kukansa ba. Murhu da tafasasshen ruwa su ma haɗari ne.

Dokoki biyar

1. Ki ajiye salula lokacin wanka, girki da ciyar da yaro.
2. Idan aka kira ki, ki ɗauki yaron ko ki goya shi kafin ki amsa.
3. Kada ki bar salula a caji inda hannunsa zai kai.
4. Kada ki tura hotonsa a WhatsApp sai da izinin iyayensa.
5. Ki adana lambar iyayensa da ta likita mafi kusa.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ɗan ƙasa da shekara 2 ya zauna kallon salula ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4, kada kallon ya wuce awa 1 a rana. Wasa da tatsuniya sun fi amfanar yaro.