Daga Dutsen Habude Zuwa Dandali: Tarihin Wasa da Zane a Tarbiyyar Yaran Birnin Kudu da Gwaram

Matafiyin da ya baro Kano ya bi ta Wudil ya miƙi hanyar da ta nufi Maiduguri, in Allah Ya kawo shi Birnin Kudu, abin da idonsa zai fara cin karo da shi, tun kafin ya ga kasuwa ko masallacin Juma'a, shi ne duwatsu manya-manya da suka hau kan juna, wani bisa wani, sai ka ce da hannu aka jera su. Galibin masu wucewa ba su ɗauke su komai ba illa alamar cewa an iso gari, alhali kuwa a cikin kogunansu akwai wata daɗaɗɗiyar taska wadda, in aka dube ta da idon basira, za ta gaya mana cewa koya wa yara zane da kiɗa da kwaikwayo ba baƙon abu ba ne da Turawa suka shigo da shi cikin akwati, gado ne da aka tarar a gida.

A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da aka yi da jan launi da fari da baƙi, cikinsu har da masu dogayen ƙahoni marasa tozo, irin da makiyayan wannan yanki ba su kiwo a yau, wanda hakan kaɗai ya isa hujja a kan daɗewar zanen. A shekarar 1955 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya lura cewa kusa da waɗannan zane-zane akwai wasu duwatsu masu gurabu a jikinsu, waɗanda in aka buga su da ɗan dutse sai su ba da amo kamar na ƙarfe, kowane gurbi da tasa murya, kuma a shekarar 1956 ya buga bayaninsu ga masana na duniya. Amma abin da ya zama sabon ilmi ga masana a Ingila, tsohon sani ne ga yaran garin, domin su ne masu buga duwatsun, su ne kuma suka goge wasu faifan dutse da yawan zamewa a kansu har suka yi santsi suna ƙyalli. Fagg ya kuma rubuta cewa al'adar garin a wancan zamani ita ce amarya ta je wurin tare da ƙawayenta a ranar bikinta, su yini can kafin a koma gida. Daga baya gwamnati ta sa waɗannan wurare cikin kayan tarihi na ƙasa, suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, kuma can gaba da Gwaram, a ƙasar Shira ta Jihar Bauci, akwai 'yan'uwansu.

Fa'idar da nake so mai karatu ya riƙe daga wannan ita ce, wuri guda ya tara zane da kiɗa da wasan yara da hidimar aure, watau fasaha ba ta taɓa zama a ware daga rayuwar iyali ba. Wanda ya taɓa ganin yaro ɗan shekara bakwai a bakin kududdufi bayan ɗaukewar ruwa, ya cuɗa yumɓu a tafin hannunsa, ya ja ƙafafu huɗu, ya murza ƙahoni biyu da yatsa, ya ɗora tozo, sa'an nan ya ajiye saniyarsa a rana yana gadinta kada ƙanensa ya taka, to, ya ga jikan wancan mai zane na jikin dutse, ko da kuwa babu nasabar jini a tsakaninsu. Babu wanda ya ba shi darasi a aji, wansa ya gani yana yi, kamar yadda 'yar'uwarsa ta ga yayarta tana yi wa 'yar tsana kitso da lalle da gara, har a ɗaura mata aure a kai ta ɗakin miji, a kwaikwayi guɗa da kukan amarya da faɗan uwar miji, ba a bar komai ba.

Birnin Kudu da Gwaram sun daɗe a ƙarƙashin masarautar Kano kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, saboda haka wasannin da aka sani a ƙasar Kano su ne nasu, daga Sundimina da Kantoga har Sara da Basirka da Fagam. Makarantar farko ita ce tabarmar kaka bayan sallar lisha, inda tsohuwa ɗaya takan zama Gizo da tsamin bakinsa, ta zama Ƙoƙi, ta zama kura da kwaɗayinta, ba tare da ta tashi daga inda take zaune ba, yara kuwa suna koyon sauya murya da jan numfashi da sanin inda ake dakatawa don zuciyar mai sauraro ta tsinke. Ta biyu ita ce dandali a daren farin wata, inda 'yan mata ke gaɗa, samari na langa. Ta uku ita ce kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da samari da 'yan mata kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu da likitansu, su yi kwanaki suna gudanar da mulki na wasa, ana kai ƙara ana yanke hukunci ana cin tara, manya na gefe suna kallo, kuma sau da yawa suna ganin kurakuransu a jikin 'ya'yansu.

Sai dai babu wasan da ya kai tashe cika sharuɗɗan wasan kwaikwayo. Sunansa daga tashi yake, domin asalinsa tayar da mutane ne su yi sahur, kuma ana fara shi ne idan azumin Ramalana ya kai kwana goma. Ka dubi ayarin yara bayan an sha ruwa: an sami auduga an liƙa wa ɗaya a haɓa da gira, an cusa masa tsumma a baya ya yi doro, an ba shi sanda da tsohuwar riga wadda ta fi ƙarfinsa, yana tafe yana rawar jiki yana tari, sauran na biye suna amshi da kiɗan gwangwani. Su yi sallama a zaure, a ce su shigo, matan gida su fito da fitila, maigida ya gyara zama, a yi dariya har da hawaye, a ƙarshe uwargida ta ɗebo gero ko dawa a ƙwarya ta zuba musu a jaka. A cikin wannan ɗan taƙi an yi rabon matsayi, an yi shiga, an yi haddar zance, an fuskanci 'yan kallo, an karɓi lada, kuma kowane wasa da nasihar da ke cikinsa: Tsoho da Gemu yana koyar da tausayin dattijai, Jatau Mai Magani yana jera sunayen itatuwa da saiwoyi har yaro ya haddace su bai sani ba, wasan Mairama da Daudu na 'yan mata yana nuna zaman aure da haƙƙoƙinsa, tashen gwauro kuwa, wanda Nalako ke jagoranta a birnin Kano, yana zaburar da wanda ya zauna babu iyali.

Kada kuma a manta da tsangaya, domin ita ma tana da nata fannin na ƙawa. Almajirin da ya iya feƙe alƙalami daga gamba, ya dafa tawada, ya daidaita harafi a kan allo har rubutunsa ya zama abin sha'awa, ya riga ya sami horon ido da hannu, kuma allon zayyana da akan yi wa mai saukar Alƙur'ani, da launukansa da gidajensa masu kusurwa da da'ira, hujja ce cewa malamanmu ba su ƙi kyau ba. Abin da suka yi inkari a kai shi ne lagawu da batsa da cakuɗuwar da shari'a ta hana. Amma wasa mai tsabta yana da madogara, domin ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasan 'yar tsana da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya tsaya ya kāre ta tana kallon mutanen Habasha suna wasa da māsu a masallaci. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ma da waƙa ta isar da ilmi ga matan karkara ta hannun jajinta da 'yan taru, saboda ta san abin da aka rera ya fi zama a zuciya.

Da makarantar boko ta zo, sai ta ɗebi wuta daga wannan murhu. A shekarun 1930 Rupert East, shugaban hukumar talifi ta Zariya, ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin 'yan makaranta, galibinsu daga labaran gargajiya aka gina su. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa tsara wasanni masu sukar zalunci da ha'inci. A 1949 Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa, mai jan hankali ga tsafta da amfanin ilmi; Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, Muhammadu Sada kuma da Uwar Gulma a 1968. A farkon shekarun 1970 Umaru Dembo ya rubuta Wasannin Yara, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littattafai shida, waɗanda bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976 suka shiga hannun ɗimbin yaran karkara. Ta haka tatsuniyar da yaro ya ji a bakin kakarsa ta dawo masa a bugun inji, ya gane cewa abin gidansu ma ilmi ne. A daidai wannan zamani malaman sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka fara fita da ɗalibansu zuwa ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu, rediyo da talabijin kuma suka shigar da Samanja Mazan Fama da Karkuzu cikin gidaje, iyali suka riƙa taruwa wuri guda suna kallo.

Yau al'amari ya sauya, kuma wajibi ne a faɗi gaskiya. Dandali ya yi shiru a garuruwa da yawa, kalankuwa ta zama labari, tashe kuwa a wasu wurare ya koma roƙon kuɗi babu shiga babu hikima, har a wasu shekarun baya-bayan nan hukumomin tsaro a Kano suka dakatar da shi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi. Yaron da a da shi ne mai wasa, yanzu ɗan kallo ne kawai, ya sunkuya a kan waya shi kaɗai, ba ya amshi, ba a kuma amsa masa. Gaskiya ne manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta tanadi darasin al'adu da fasaha, amma sau da yawa yakan ƙare a rubutun allo, a haddace ma'anar wasan kwaikwayo don jarrabawa ba tare da an taɓa tashi tsaye an yi shi ba, wanda misalinsa kamar a koya wa mutum iyo ne a kan tudu.

Maganin kuwa ba ya bukatar dukiya mai yawa, himma yake bukata. Malamin firamare a Kila ko Wurno yana iya gayyato tsohuwa mai tatsuniya ta zauna da 'yan ajinsa, sa'an nan ya sa su mayar da abin da suka ji wasa, su nuna wa iyayensu ranar rabon sakamako. Masu unguwanni da limamai suna iya karɓar tashe a hannunsu, su sa masa lokaci da iyaka da babba mai rakiya, maimakon a bar shi ya lalace sa'an nan a hana. Uba yana iya sakin fuska ya zauna a zaure, domin wasan yaro ba ya cika sai da babban da zai kalla, ya yi dariya inda ya dace, ya gyara inda aka karkace. Kuma abin takaici ne ƙwarai a ce baƙo ya ƙetaro teku don ya ga Dutsen Habude, alhali yaron da aka haifa a gindinsa ya gama makaranta ba a taɓa kai shi ba.

Saboda haka roƙona ga iyaye da malamai na Birnin Kudu da Gwaram shi ne, a zaɓi wata safiya bayan kaka, a tara yara a hau da su, da izinin masu kula da wurin, a nuna musu shanun nan ba tare da an taɓa su ba, a bar su su ji amon dutse da kunnensu, sa'an nan a sauko a ba kowa yumɓu ko gawayi da takarda a ce ya yi tasa saniyar. Wanda ya yi zanen farko ya tafi, ba a san sunansa ba, amma aikin hannunsa ya tsaya yana jiran magada. Allah Ya sa 'ya'yanmu su zama su ne, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar tarbiyyarsu, amin.