Katse Hanzarin Na'ura: Tarihin Yadda Kwamfuta Ta Koyi Sauraron Waya

Bahaushe in zai tsoma baki cikin maganar wani yakan ce, "Ba katse maka hanzari ba." Wannan ladabi yana ɗauke da sharaɗi biyu, watau mai katsewa zai taƙaita, shi kuma wanda aka katse zai koma daidai inda ya tsaya. Injiniyoyin kwamfuta sun daɗe suna fafutukar cusa wa na'ura waɗannan sharuɗɗa, kuma tarihin fafutukar tasu shi ne abin da wannan lacca za ta bi. Za a dube shi ta fuskar aiki guda: yadda ƙaramar kwamfuta da aka dasa cikin wata na'ura, kamar mitar lantarki ko injin mota ko kumbo, take karɓar saƙon da ke zuwa mata ta waya, ɗigo bayan ɗigo, alhali kuwa tana riƙe da waɗansu ayyuka masu wa'adi.

Asalin Jerin Ɗigo

Al'amarin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A cikin shekarun 1870 wani ma'aikacin tangaraho a Faransa, mai suna Emile Baudot, ya fito da dabarar rubuta kowane harafi da ɗigo biyar. Kowane ɗigo ɗayan hali biyu ne na wutar da ke kan waya, saboda haka ɗigo biyar suna ba da alamomi 32. Da yake wayar ɗaya ce, tilas ɗigon su bi juna a jere. Wahalar ita ce mai karɓa ya san inda harafi ya fara da inda ya ƙare. A na'urar Baudot, sai injin aikawa da na karɓa sun riƙa juyawa tare, ma'aikaci kuma ya riƙa danna maɓallai bisa wani kari da injin ke buga masa.

A farkon ƙarni na 20, Charles Krum da ɗansa Howard, a birnin Cikago na Amurka, suka fito da wata hanya mafi sauƙi. Waya za ta zauna cikin hali ɗaya muddin babu saƙo. In harafi zai taho, sai ɗigo guda na buɗewa ya gabace shi, ya tayar da injin karɓa. In ya wuce, sai ɗigon rufewa ya mai da waya yadda take. Kowane harafi ke nan yana tafe da sallamarsa. Kamfanin da ya tsiro daga aikinsu shi ne ya ɗauki sunan Teletype a 1928. To, amma wannan sauƙi yana da wutsiya: tun da harafi yana iya isowa a kowane lokaci, mai karɓa ba shi da halin ya juya baya.

Da aka soma haɗa irin waɗannan injuna da kwamfuta, sai rashin daidaito ya fito fili. Injin Teletype samfuri na 33, wanda ya fito a 1963, yana aika ɗigo 110 a sakan guda, watau haruffa 10, domin kowane harafi yana cin ɗigo 11. Kwamfuta irin PDP-1 ta wancan zamani kuwa tana iya yin tarawa kimanin 100,000 a sakan. Tsakanin harafi da harafi ke nan tana da sararin yin lissafi 10,000. Hanyar farko da aka bi ita ce leƙe: kwamfuta ta riƙa komawa bakin waya tana duba ko wani abu ya iso. In ta yawaita leƙen, ta ɓarnatar da lokacin na'urar da aka saya da kuɗi masu yawa. In ta jinkirta, sabon harafi ya hau kan tsohon ya shafe shi.

Zuwan Katsewa

Mafita ita ce a ba waya ikon kiran kwamfuta. Masana tarihi sukan ambaci DYSEAC, wadda hukumar ma'aunai ta Amurka ta ƙera wa sojoji a 1954, a matsayin ta farko da na'urorin waje ke iya katse ta, sa'an nan UNIVAC 1103A ta 1956. Yadda abin yake shi ne, da zarar harafi ya iso, sai wata alamar lantarki ta tashi. Kwamfuta ta ƙarasa umarnin da ke hannunta, ta adana lambar wurin da ta tsaya, ta tsallaka zuwa wani ɗan gajeren jerin umarni da aka tanada domin wannan kira, ta ɗauki harafin, sa'an nan ta komo ta ci gaba kamar ba a yi kome ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara hango haɗarin da ke cikin wannan dabara sosai shi ne Edsger Dijkstra, mutumin Holan. Shi ya rubuta jerin umarnin karɓar katsewa na kwamfutar X1, kuma a kan wannan aiki ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Amsterdam a 1959. Kafin katsewa, in an ba kwamfuta aiki ɗaya sau ɗari, hanya ɗaya za ta bi sau ɗari, saboda haka duk kuskuren da ya auku ana iya maimaita shi a kama shi. Bayan katsewa wannan tabbaci ya kau. Alal misali, babban aiki yana tsakiyar gyara lambar da ke nuna yawan haruffan da aka tara, sai kira ya shigo, shi ma ya taɓa wannan lamba. Lissafi ya ɓaci ke nan, kuma mai yiwuwa ne ba zai sake ɓaci ta wannan fuska ba sai bayan wata shida. Dijkstra ya yi shekaru yana tunani a kan wannan, har a farkon shekarun 1960 ya fito da wata alama da ayyuka za su riƙa dubawa kafin su taɓa abin da suka yi tarayya a kansa. Sunanta ya aro shi daga siginar layin dogo, wadda ke hana jirgi biyu shiga layi ɗaya.

A ɗaya gefen kuma, maƙera suna ta rage wa kwamfuta wahala. Gordon Bell na kamfanin DEC ya ƙera wa PDP-1 wani allon lantarki mai tattara ɗigo da kansa, ba ya kiran kwamfuta sai harafi ya cika. Wannan shi ne kakan abin da ake kira UART. A 1971 kamfanin Western Digital ya matse shi cikin ƙwayar lantarki guda, kuma a 1981 kwamfutar IBM PC ta fito da irinsa mai lamba 8250. Sai dai gudun waya ya yi ta ƙaruwa. A gudun ɗigo 9,600, harafi yana isowa kusan kowane kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A gudun 115,200 kuwa haruffa 11,520 ne ke isowa a sakan, kowanne da kiransa, har ya zama na'ura ba ta da aiki sai amsa sallama. Maganin da aka samu a 1987 shi ne ƙwaya mai lamba 16550, wadda ke da ɗan rumbu mai cin haruffa 16, ana iya umartarta kada ta yi kira sai 8 ko 14 sun taru. Fitowarta ta farko ma rumbun yana da aibi, sai da aka sake ta da lamba 16550A.

Wa Ke Gaba da Wa

Duk wannan ya shafi karɓar harafi ne. Saura babbar tambaya: in ayyuka da yawa suna jiran kwamfuta ɗaya, wanne za a fara? A nan sai an koma baya kaɗan, zuwa kumbon Apollo. Kwamfutarsa tana da gurbin ajiya na wucin gadi mai cin kalmomi 2,048 kacal. J. Halcombe Laning na cibiyar MIT ya tsara mata manhajar gudanarwa wadda ke ba kowane aiki daraja, mai babbar daraja kuma ya ture na ƙasa da shi. Ran 20 ga Yuli, 1969, Apollo 11 yana saukowa kan wata, sai na'urar rada ta riƙa aiko da bugun lantarki marasa amfani, suna sace wa kwamfuta fiye da kashi 10 cikin 100 na lokacinta. Ayyuka suka cunkushe, gargaɗi mai lamba 1202 da 1201 ya tashi har sau biyar. Kowane karo manhajar takan zubar da ayyukan da ba su zama tilas ba, ta sake tashi, ta ci gaba da tuƙi. Da leƙe bi da bi take yi, tana ba kowane aiki rabo daidai, da wuya a ce an sauka.

Daga farkon shekarun 1980 irin wannan manhaja mai kiyaye wa'adi ta zama hajar sayarwa. VRTX ta James Ready da Colin Hunter tana cikin na farko; a Japan Ken Sakamura ya ƙaddamar da shirin TRON a 1984; VxWorks ta biyo baya a 1987. A cikinsu ne rabon aiki ya zauna kamar yadda ɗalibai ke koyonsa a yau. Mai amsa kira ba ya fassara saƙo, ba ya jiran kowa. Iyakarsa ya ɗauki harafi, ya jefa cikin wani ma'aji mai siffar zobe, wanda in an kai ƙarshensa ake komawa farko, ya ɗaga sigina, ya fita. Wani aiki dabam, da ke barci yana jiran siginar, shi zai farka a lokacin da darajarsa ta ba shi, ya karanta saƙon a tsanake.

Amma daraja ita ma takan juye. Ran 4 ga Yuli, 1997, kumbon Pathfinder ya sauka a duniyar Mirrihu, yana aiki da VxWorks. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta shiga sake tayar da kanta, ana hasarar bayanai. Na'urorin kumbon suna magana ne ta wata waya ta jerin ɗigo, kuma akwai aiki mai babbar daraja da ke rarraba saƙonnin da suka zo ta kanta. Akwai kuma aikin auna yanayi, mai ƙaramar daraja. Su biyun suna tarayya a kan ma'aji ɗaya mai mabuɗi ɗaya. Wani lokaci ƙaramin yakan ɗauki mabuɗi, kafin ya mayar sai ayyuka masu matsakaiciyar daraja su ture shi. Babban ya zo ya tarar babu mabuɗi, ya zauna jira. Ƙaramin ba shi da damar motsi balle ya mayar. Matsakaitan kuwa suna ta sha'aninsu. Kamar a ce hakimi yana tsaye a ƙofa domin yaron da ke riƙe da mabuɗi dagatai sun tsare shi da aike. Da wa'adi ya wuce, sai mai tsaron lokaci ya ɗauka na'ura ta sandare, ya sake tayar da ita.

Abin lura shi ne maganin ba sabo ba ne. Lui Sha da Ragunathan Rajkumar da John Lehoczky sun bayyana shi tun 1990: duk ƙaramin da ya riƙe mabuɗin da babba ke jira, a ara masa darajar babban har ya mayar. Wannan dabara tana cikin VxWorks, ba a dai kunna ta ba a kan wannan mabuɗi. Injiniyoyin cibiyar JPL suka maimaita matsalar a kan kwafin kumbon da ke ɗakin gwajinsu, suka gano ta, sa'an nan suka aika da gyara ta rediyo.

Bayan wannan, dabarar ta sauko ƙasa ƙwarai. A 2003 Richard Barry ya saki FreeRTOS kyauta, kuma a 2017 kamfanin Amazon ya karɓi kula da ita. Kwamfutocin ofis sun yar da tsohuwar kafar waya ta RS-232 sun koma USB, amma UART yana nan cikin kusan kowace ƙaramar ƙwayar kwamfuta, yana haɗa ta da ma'aunai ko da sashen da ke magana da layin tarho. Inda gudu ya yi yawa, akan sa wani sashe na ƙwayar ya riƙa kwashe haruffa zuwa ma'aji kai tsaye, ba a kiran kwamfuta sai saƙo ya kammala. Dalilin katsewa ma ya sake. A 1956 lokacin na'ura mai tsada ake tattali. A na'urar da ke aiki da batir kuwa wuta ake tattali, saboda haka kwamfutar takan kashe yawancin sassanta ta kwanta, sai ɗigon buɗewa ya iso ya tashe ta, ta ɗauki harafin, ta sake kwantawa.