Awon Dalma a Bakin Rijiya: Darasin Zamfara

Dalma ba ta sauya launin ruwa ko ɗanɗanonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ta wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha, wato kashi 10 cikin biliyan. Ido ba ya ganin wannan, sai na'ura. Hujjar wannan maƙala ita ce, amfanin awo yana ga wurin da aka yi shi da lokacin da sakamakon ya fito.

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, a lokacin, ana kawo dutsen zinare cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe. Mace-macen yara ne suka fallasa gubar, ba awo ba. A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Manyan na'urorin ɗakin gwaji irin su ICP-MS sun fi kowace hanya daidaito, amma suna bukatar tsayayyen lantarki da iskar argon da ƙwararru, ga jigilar samfuri zuwa birni. Ƙaramar na'urar hannu kuwa ɗigon samfuri ya ishe ta. Ana ɗiga shi a kan siririn falle mai ɗauke da lantarki, sai ƙwayoyin dalma su taru su manne. Daga nan a juya ƙarfin lantarkin, su sake narkewa. Kowane ƙarfe da matakin da yake saki, shi ya sa ake bambanta dalma da kadmiyam, kuma yawan lantarkin da ya gudana ne ke nuna yawan ƙarfen. Da wannan dabara na'urar hannu ta LeadCare II ta auna jinin yaran Zamfara cikin minti uku, kuma da yawansu sun zarce iyakarta ta maikirogiram 65 a desilita.

Masu suka suna da gaskiya cewa tagulla da dattin ruwa da zafin rana kan karkatar da sakamako. Sai dai aikin na'urar hannu tacewa ne: ta ware rijiyar da ake zargi, ɗakin gwaji ya tabbatar. An kuma rage haɗarin kayan aikin tun 2000, lokacin da Joseph Wang da abokan aikinsa suka nuna bismut zai iya maye gurbin merkuri mai guba da ake amfani da shi a irin wannan awo.

Saboda haka ya kamata jami'o'inmu su gwada waɗannan na'urori da ruwa da ƙasar yankunan haƙar ma'adinai, gwamnatocin jihohi kuma su damƙa su ga malaman asibitin karkara, tare da jadawalin awon rijiyoyi kafin kowane yaro ya fara farfaɗiya.