Daga Sango Zuwa Harba-ka-ruga: Tarihin Gyaran Bindiga a Ƙasar Kano

Ya kai mai karatu, a yau in aka ce "'yan bindiga" a ƙauyukanmu na arewacin Kano, sai ka ga gaban kowa ya faɗi, mata su hau kiran yara su shigo gida. Alhali a bakin kakanninmu na ƙasar Ɗambatta da Bichi da Minjibir, 'yan bindiga dakarun Sarki ne, waɗanda ake fita kallo ranar hawan salla, a toshe kunne ana dariya in sun saki albarushi. Kalmar ba ta sake ba, bindigar ce ta sake, da hannun da ke riƙe da ita. Ni kuwa a nawa nazarin, ba za a fahimci wannan sauyi ba sai an bi ta maƙera, domin bindiga baƙuwa ce a ƙasar Hausa, maƙeri ne ya saukar da ita, ya yi mata sutura irin ta gida.

Bari in fara da nesa kafin in dawo gida. A Amurka akwai masu sha'awar da ba sa barin bindiga yadda kamfani ya ƙera ta. Akwai wata ƙarama mai suna Ruger 10/22 wadda ta fito a 1964, mai cin ɗan siririn harsashi, wadda kusan kowane sashe nata akwai wani kamfani daban da ke sayar da madadinsa: ƙota, kunama, bututu, madubin saiti. Cikin abubuwan da suke ɗaurawa har da wani ɗan ƙarfe mai huji-huji a baki, wanda zan kira birkin bakin bindiga. Aikinsa shi ne ya karkatar da iskar da ke biyo harsashi zuwa gefe ko sama, don shurin da bindiga ke yi wa kafaɗa ya ragu, bakinta kuma kada ya ɗaga. A kan igwa da manyan bindigogin soja wannan ƙarfe yana da amfani ƙwarai. Amma ita wannan ƙaramar ba ta da wani shurin a zo a gani, saboda haka rabin abin ado ne da son a ce tawa ta fi taka. To, wannan hali na sayen makami a sake masa kama ba Amurkawa suka fara shi ba. Kanawa sun daɗe suna yi, sai dai su larura ce ta sa su, ba nishaɗi ba.

Sunayen kansu sun nuna hanyar da abin ya biyo. Bindiga, albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su. Maƙwabtanmu Barebari sun riga mu, don tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Borno yana da maharban bindiga da Turkawa suka horar. A Kano kuwa, littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi. Duk da haka bindiga ba ta kori doki da baka ba. Da Bature Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobir a 1826, bindigogin da ya gani 'yan gommai ne kawai a cikin dubban mayaƙa.

Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lura da wani abu da ya ba ni sha'awa. Ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigowa da su kowace shekara, akasarinsu daga garin Solingen na Jamus, amma a Kano ake yi masu ƙota da kube kafin a sake sayar da su. Bindiga kuwa ya ce kaɗan ce a kasuwa, sai dai ta fara shigowa da araha ta hanyar Nupe. Ka ga ke nan tsarin ya riga ya kafu: ƙarfen daga Turai, gamawar a Kano. Da bindiga ta yawaita, wannan hanya ta bi.

Irin bindigar da ke zuwa ita ce wadda muke kira adaka ko bindigar toka, doguwa, mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Masana'antun Birmingham a Ingila da Liège a Beljiyam suna ƙera ta musamman don kasuwar Afirka, kuma ba mai kyaun suke turo mana ba. In ta lalace babu kantin kayan gyara, babu kamfanin da za a mayar wa. Sai maƙerin baƙi ya zauna gaban uwar maƙera da zugazugi da masaba, ya ƙera mata sabuwar kunama, ya ɗaure bututun da zoben ƙarfe ko na tagulla. Masassaƙi ya sake mata ƙota daidai da kafaɗar mai ita. Baduku ya naɗe ta da ɗanyar fata wadda in ta bushe take matse tsagewa, ya yi mata tuntaye da jakar albarushi. Daga ƙarshe a kai wa malam ko boka ya ɗaura laya, don a ganin maharbi bindiga marar tsari tsirara take. Mutum huɗu ko biyar ke nan suka sa hannu kafin bindiga ta zama ta mai ita.

Gyaran da ya fi ba ni mamaki shi ne sango. Maharban giwa sun ga ƙananan duwatsu da guntayen ƙarfe ba sa ratsa fatar giwa, sai suka riƙa zura wani gajeren mashi mai dafi a bakin adaka su harba. Wato sun aurar da makamin Turai da dafin kibiyar kakanninsu. Wannan suna ne ya bi Sarkin Kano Alu, wanda ya hau gadon sarauta a lokacin yaƙin basasa na 1893 zuwa 1895, har yau ake ce masa Alu Maisango.

Mu mutanen arewacin Kano mun fi kowa sanin ɗacin wannan zamani, domin ta gonakinmu yaƙi ke bi. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa maƙeransa a Zinder suna haɗa albarushi, har igwa suna zubawa. A ƙarshen shekarun 1890 rundunar Damagaram ƙarƙashin Sarki Ahmadu Kuran Daga ta shigo ƙasar Kano, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. A wancan lokaci bindiga a Kano kayan fada ce, tana hannun bayin Sarki, su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama ke faɗa a ji a kansu. Hikimar a fili take: sarki ba ya son hakimi ko talaka ya riƙe abin da zai iya juyo masa da shi.

Amma Turawa sun riga sun yi nasu lissafin. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 suka hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani masu ɗaukar harsashi ta gindi, suka bar mana masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Duk gwanintar maƙeri ba za ta mai da adaka ta zama Maxim ba. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya fasa Kano da sojojin da ba su kai dubu ba, kafin watan ya ƙare kuma Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi.

Bayan zuwan Turawa bindiga ta sauko daga fada ta shiga ƙauye. A fada ta zama ta ƙara da hayaƙi ranar salla, a ƙauye ta zama ta maharbi. Sai dai ƙasarmu ba dajin giwa ba ce. Yankin da ke kewaye da birnin Kano, wanda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi suna da nazarinsa, gona ce manne da gona, ana noma ta kowace shekara da taki, babu saura balle kurmi. Abin harbi bai wuce zomo da fakara da zabon daji ba, sai ɓarawon shanu da ake tsoratarwa da dare. Shi ya sa maharbanmu ke tafiya farauta nesa da rani, har kudancin ƙasar nan. Ina yaro na sha zama a maƙerar garinmu ina yi wa maƙerin zuga, garma da lauje ne aikinsa na kullum, amma in kaka ta wuce sai ka ga maharba sun jingine bindigoginsu a bango suna jiran layi. A cikinsu akwai wani dattijo mai yatsu uku a hannun hagu, bututu ne ya fashe masa. Sunan harba-ka-ruga ba wasa ba ne: in ka harba sau ɗaya ba ka samu ba, ƙafa ce za ta cece ka kafin ka sake ɗurawa.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta san da wannan bindiga. Ta kasa makamai gida uku: na yaƙi waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, na kai irin bindigar farauta ta kamfani waɗanda ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai masu ɗuri ta baki waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa lasisi. Amma ƙerawa da gyarawa dokar ta ce sai da izini. Ka ga maharbi yana da ƙofar da zai bi ya halatta bindigarsa, maƙerin da ya gaji gyaranta kaka da kakanni kuwa ya zama mai aiki a ɓoye.

Yau ga inda muka tsinci kanmu. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a garin Uromi na Jihar Edo, maharba ne da ke kan hanyar dawowa Kano yin salla, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu an ɗauke su masu satar mutane. A ƙarshen wannan shekarar kuma mahara daga iyakar Katsina suka riƙa shigowa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da bindigogin yaƙi. Wato talaka mai adaka ya shiga tsaka mai wuya: a kudu ana ganinsa ɗan ta'adda, a gida kuma yana fuskantar AK-47 da makamin da tun 1903 aka gane ba ya tare yaƙi.

Ban ce a sakar wa kowa ƙera bindiga ba. Akwai ɓata-garin da suka bar garma suka koma ƙera wa 'yan fashi makamai, kuma jinin da aka zubar da su yana wuyansu. Abin da nake cewa shi ne, kakanninmu sun san bindigar kowa, sun san maƙerin da ya gyara ta, akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Baka da za a tuhuma in an yi ɓarna. Wannan sani shi ne tsaron, ba layar da ke rataye a ƙota ba. In hukuma ta yi wa maharba da maƙera rajista ta hannun masu unguwanni da dagatai, ta ba maharbi shaidar da zai nuna a hanya, an raba tsakanin mai neman zomo da mai neman rai. Ɗalibanmu na tarihi a Jami'ar Bayero kuma su taimaka su bi sauran tsofaffin maƙeran Ɗambatta da Kunci da Makoɗa da na'urar ɗaukar magana tun suna raye, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.